Amadu Bagayoko, Makaho Mai Jita, da Kaset ɗin Abijan

   Gaisuwa ta musamman ga 'yan'uwanmu Hausawa mazauna Abijan, 'yan Adjamé da 'yan Treichville. Ku matso kusa, domin labarin yau ta unguwanninku ya ratsa.

Yau kan wani makaɗi za mu tattauna. Sunansa Amadu Bagayoko. Mutumin ƙasar Mali ne, makaho ne, kuma jita ce sana'arsa. Ya rasu a Bamako ranar 4 ga Afrilu 2025, yana da shekara 70. Da yawanku tare da matarsa kuka san shi, wato Amadu da Mariam, ma'auratan nan masu baƙin tabarau. Za mu fara da irin kiɗan da yake yi. Daga nan mu leƙa ƙuruciyarsa. Sai mu yada zango a Abijan, kuma a can za mu fi daɗewa.

(Kiɗan jita, a hankali)

To, zango na farko. Mene ne buluz?

Buluz kiɗa ne na baƙaƙen fatar kudancin Amurka, jikokin bayin da aka kwasa daga wannan nahiya tamu. Ya taso ne wajen ƙarshen ƙarni na 19, a yankunan noman auduga irin su Misisipi. Asalinsa ba taron makaɗa ba ne. Mutum ɗaya ne da jitarsa, yana faɗin abin da ke damunsa. Talauci, rabuwa da masoyi, zaluncin mai gona, kewar gida.

Abu uku za ku riƙe, in kuna son gane buluz da kunne.

Na farko, matakan sautinsa. Yawancin kiɗan Turawa kan matakai bakwai yake hawa da sauka. Shi buluz, ƙashin bayansa matakai biyar ne. Matakai biyar ɗin nan kuwa ba baƙi ba ne a kunnen Bahaushe. Su kuke ji a goge, su kuke ji a gurmi da garaya, su kuke ji a kuntigin marigayi Ɗan Maraya Jos. Shi ya sa Bahaushe kan ji buluz karo na farko, ya ji kamar ya taɓa jin sa a wani wuri.

Na biyu, amshi. A wurinmu mawaƙi na faɗa, 'yan amshi na karɓa. A buluz, jita ce 'yar amshi. Mawaƙi ya rera layi guda, ya yi shiru, jita ta ba shi amsa. Ya sake rerawa, ta sake amsawa.

Na uku, lanƙwasa sauti. Makaɗi zai danne tsirkiya da yatsa, ya kaɗa ta, sannan ya ɗan tura ta gefe tun sautin bai mutu ba. Sai sautin ya miƙe, ya karkace, ya fito kamar muryar mutum mai kuka. Matakai biyar, amshi, da lanƙwasa sauti. Ku riƙe su, za mu sake haɗuwa da su a Abijan.

Mutanen Mali sun daɗe suna cewa wannan kiɗa ɗan gida ne da ya yi tafiya. Marigayi Ali Farka Ture na Niafunke, wanda ya rasu a 2006, ya sha faɗin cewa da ya ji faifan John Lee Hooker na Amurka, kiɗan ƙasarsu ya ji a ciki. Ni dai a ganina, kada mu ƙwace wa baƙaƙen Amurka abin da suka haifa cikin wahalarsu. A can aka haifi buluz. Amma jinin da ke jikinsa, daga nan ya tafi.

(Kiɗa)

Zango na biyu, masu sauraro. Ƙuruciyar Amadu.

An haife shi a Bamako ranar 24 ga Oktoba 1954. Ba makaho aka haife shi ba, amma da yanar ido ya zo duniya. Yana ita ce farin hazon nan da ke rufe ƙwayar ido. Ganinsa ya yi ta raguwa, har ya ɗauke gaba ɗaya yana ɗan shekara 16 ko kusa da haka. Kafin nan ya riga ya kama kiɗa. Ya taɓa ganga, ya busa sarewa, daga baya ya tsaya kan jita.

Bamako ta wancan zamani, samari na sauraron faya-fayen ƙetare kamar hauka. Amadu ya saurari Jimi Hendrix, ya saurari Eric Clapton, ya saurari John Lee Hooker, ya saurari kiɗan Kuba. Yana kuma da na gida a kunne, wato waƙoƙin Bambara da kiɗan ngoni, wanda ɗan'uwan molonmu ne.

Ku tsaya ku yi tunanin yadda makaho ke koyon jita. Tsirkiya shida ce. Wuyan jita kuma a rarrabe yake da 'yan ƙarafa, kowane gurbi da sautinsa. Mai ido yana kallon yatsun malaminsa ya kwaikwaya. Shi Amadu sai dai kunne. Ya ji sauti, ya laluba da yatsa har ya same shi. Ya sake ji, ya sake lalubawa. Da haka hannu ke haddace wuyan jita, har ya zama ba ya ɓata hanya.

A 1974, yana ɗan shekara 20, ya shiga ƙungiyar Les Ambassadeurs. Makaɗan wani masauki ne da ake kira Motel de Bamako, kuma a lokacin suna sahun gaba a duk ƙasar Mali. A cikinsu akwai Salif Keita, mawaƙin nan zabiya mai murya kamar ta tsaga dutse. Akwai Kante Manfila, gwanin jita ɗan ƙasar Gini. Makaɗin otal ba shi da zaɓi. Duk abin da baƙo ya nema, shi za a kaɗa. Wannan ya ce na Kuba, wancan ya ce na Faransa, wani ya ce na gargajiya. Shekara shida Amadu ya yi a wannan makaranta ta dare, har zuwa 1980.

Akwai kuma makaranta ta rana. A tsakiyar shekarun 1970 ya shiga Cibiyar Matasa Makafi ta Bamako, inda ake koyar da rubutun nan mai ɗigo-ɗigo da ake karantawa da yatsu. Cibiyar tana da ƙungiyar makaɗa, sunanta Eclipse, ƙarƙashin Idrissa Soumaoro. A nan ya haɗu da Mariam Doumbia. An haife ta a 1958. Ƙyanda ce ta tafi da idonta tana 'yar shekara 5. Ita tana waƙa, shi yana jita. Suka yi aure a 1980, Allah ya ba su 'ya'ya uku.

Bari in ɗan ratse a nan, domin abin yana ci mini rai. Yanar ido da ƙyanda. Ciwo biyun da suka makantar da waɗannan bayin Allah, yau duk akwai maganinsu. Yana, aiki ake yi a cire ta, mutum ya koma gani. Ana yi a Kano, ana yi a Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna. Ƙyanda kuwa, baƙon dauro, allurar rigakafi ce ake yi wa yaro yana wata 9. Iyaye mata, don Allah a duba katin yara. Wata 9, allurar ƙyanda.

Sannan mu dubi kanmu. A ƙasar Hausa, yaro ya makance, me muke fara miƙa masa? Sanda da ƙoƙo, da ƙaramin yaro ɗan jagora wanda shi ma an raba shi da karatu. Alhali mun san abin da makaho zai iya. Malam Aliyu Namangi na Zariya makaho ne, shi ya yi Imfiraji, har Jami'ar Ahmadu Bello ta karrama shi da digirin girmamawa. Makarantun makafi ma muna da su, irin ta Gindiri a Filato da ta Tudun Maliki a Kano. Amadu da Mariam a makaranta suka haɗu. Ba a bakin kasuwa ba. A makaranta.

(Kiɗa)

Zango na uku. Ga mu a Abijan.

A 1986, Amadu da Mariam suka tattara suka nufi Abijan ta ƙasar Kwaddibuwa. Me ya raba su da gida? A Bamako an san su, ana gayyatarsu wasa. Amma babu situdiyon kirki, wato ɗakin naɗar sauti mai kayan aiki na zamani. Mawaƙin da ba a naɗe shi ba kuwa, muryarsa iyakarta inda ƙafarsa ta kai.

Abijan ta wancan lokaci, zamanin Shugaba Houphouët-Boigny, ita ce matattarar makaɗan Afirka ta Yamma masu Faransanci. Kuɗin koko da kofi sun gina gari. Akwai situdiyo, akwai masu zuba jari, akwai gidan rediyo da talabijin mai ƙarfi. Manu Dibango na Kamaru ya taɓa jagorantar makaɗan gidan. Tun 1978 su Salif Keita da Kante Manfila suka koma can, a can suka naɗi Mandjou, waƙar da ta ɗaga Salif. Mory Kante ya zauna can. Alpha Blondy daga can ya tashi. Ko Oumou Sangare, kundinta na farko, Moussolou, a situdiyon JBZ na Abijan ta naɗe shi. Duk mai son a ji shi, Abijan ya nufa.

Wanda bai san garin ba, bari in zana masa unguwannin nan biyu. Baƙon da ya taho daga arewa a mota, a Adjamé yake sauka. Nan babbar tasha take. Nan kasuwa take, wadda ba ta da farko ba ta da ƙarshe. Yaran gbaka, wato ƙananan bas-bas na haya, suna rataye a ƙofa suna kiran fasinja. Masu goro, masu atamfa, masu kayan rediyo, masu tura amalanke. Ladan na kiran salla daga babban masallaci. A bakin hanya ga ɗan'uwanmu ɗan Nijar yana soya kifi, yana zuba abincin da ake kira garba a faranti. Ka bi ta Plateau, ka haye gada a kan ruwan Ébrié, sai ka faɗa Treichville. Tsohuwar unguwa ce, layukanta a jere da lamba. Tashar jirgin ƙasa mai zuwa Wagadugu tana nan, tashar jiragen ruwa tana kusa. Da dare kuma, nan ne gidajen rawa da wuraren wasa. A unguwannin nan biyu baƙi suka fi taruwa: 'yan Mali, 'yan Gini, 'yan Burkina, 'yan Senegal, Yarabawa da Hausawa.

Ga wani abu da ya taimaki Amadu. Harshen kasuwa a Adjamé shi ne Jula. Jula da Bambara kuwa kusan abu ɗaya ne, mai jin wannan yana jin wancan. Saboda haka waƙar da Amadu da Mariam suka rera da Bambara, mai sayar da goro a Adjamé ba ya bukatar tafinta. Sun bar ƙasarsu, amma ba su bar masu jin harshensu ba.

Duk da haka ƙofa ba ta buɗe nan take ba. Sai da suka shafe shekara biyu da wani abu kafin su shiga situdiyo. Ku auna wannan. Miji makaho, mata makauniya, a garin da ba nasu ba, garin da ko mai ido sai ya yi da gaske kafin ya tsallaka titi.

Wanda ya buɗe musu ƙofar, masu sauraro, ɗan Najeriya ne. Sunansa Aliyu Maikano Adamu, kowa na ce masa Maikano. Furodusa ne a Abijan, wato mai ɗaukar nauyin naɗar waƙa, ya biya situdiyo, ya buga kaset, ya kai kasuwa. Shi ya shigar da su situdiyo a ƙarshen 1988. A 1989 kaset biyu na farko suka fito. Ba wani suna aka raɗa musu ba, na ɗaya da na biyu kawai. Aka ci gaba a haka har kaset biyar. A jikin kwalin, da Faransanci, an kira su ma'aurata makafi na Mali, kuma sunan ya bi su.

Ina so ku ji wannan da kyau. Kafin Faransa ta san su, kafin Ingila da Amurka su san su, wani mai suna Maikano ne ya saurare su a Abijan, ya ga abin zuba kuɗi.

Me ke cikin kaset ɗin farko? Kusan babu komai, kuma nan daɗinsu yake. Jita mai lantarki guda ɗaya, da murya biyu. Babu ganga, babu algaita, babu taron 'yan amshi. To, a nan ne za ku ji gwanintar Amadu tsirara. Da yake ba shi da mai ganga, shi ne mai gangar kansa. Tsirkiyoyi masu kauri suna riƙe da taki, suna maimaita zagaye ɗaya ba fashi. Sirara kuma suna yawo a sama, suna yi wa Mariam amshi. Ta rera, jita ta karɓa. Ya rera, jita ta karɓa. Can sai ya danne tsirkiya ya tura ta, sautin ya lanƙwashe. Kun tuna abu ukun nan? Matakai biyar, amshi, lanƙwasa sauti. Duk suna nan. Mutum da jitarsa yana faɗin damuwarsa, kamar yadda buluz ya fara a Misisipi. Sai dai wannan da Bambara ne, kuma ba shi kaɗai ba ne, da matarsa a gefe.

Abin da suke faɗa a waƙoƙin ma na kowa ne. Zaman aure, haƙuri da juna, amana, munafuncin duniya, ƙaddara, da halin da nakasasshe ke ciki. Ni a kunnena, duk abin da suka yi daga baya da manyan kayan kiɗa, bai fi waɗannan kaset ɗin shiga zuciya ba.

Yara na yanzu ba su san ƙarfin kaset ba. 'Yar ƙaramar aba ce, ta shiga aljihu. Ba ta tsoron ƙura kamar faifan garmaho. Rediyo mai batir ya ishe ta, ko a ƙauyen da babu lantarki. In zarenta ya harɗe, ka zura biro a ramin, ka juya, ka naɗe shi, ta ci gaba da waƙa. Mai shagon kaset a Adjamé zai kafa lasifika a ƙofa, ya saki sabuwar waƙa da ƙarfi. Mai wucewa ya ji, ya tsaya, ya saya. Direba ya saya ya sa a mota. Motar ta kama hanyar arewa, ta bi Buwake, ta wuce Sikaso, ta shiga Bamako. Wata ta karkata Bobo Julaso. Kafin mawaƙi ya koma gida, muryarsa ta riga shi isa. Mutanen Kano da suka san Kasuwar Ƙofar Wambai a zamanin kaset sun san wannan harka sarai.

Amma kaset tana da ɓarawonta. Duk mai rediyo mai baki biyu zai iya kwafe ta. Masu satar fasaha kuwa dubbai suke bugawa, su sayar da araha, ko sisi ba ya isa hannun mai waƙa. Shi ya sa mawaƙan wancan zamani da yawa suka yi suna ba su yi kuɗi ba. Abin da kaset ke kawo wa mawaƙi shi ne gayyata. A kira shi wasa, a kira shi biki, a nan yake samun na cefane. Amadu da Mariam sun koma Bamako da suna wanda ya cika Mali da maƙwabtanta, har ya tsallaka wurin 'yan Mali mazauna Faransa. Su ma kaset ɗin ce ta kai musu.

(Kiɗa)

Zango na ƙarshe. Daga nan labarin ya ɗauki gudu, mu ma za mu bi shi da gudu.

A tsakiyar shekarun 1990 suka fara zuwa Paris. A 1998 suka fitar da kundin Sou ni Tilé, wanda waƙar Je pense à toi ke ciki, gidajen rediyon Faransa suka kama ta. Sai Manu Chao, wani shahararren mawaƙi a Turai, ya ji su, ya nemi su yi aiki tare. Aikin shi ne Dimanche à Bamako, a 2004. An sayar da kwafi dubu ɗaruruwa. Ya ci babbar kyautar waƙa ta Faransa a 2005, ya ci ta BBC a 2006. A shekarar 2006 ɗin suna cikin waɗanda suka rera waƙar gasar cin kofin duniya ta Jamus. Kundinsu na 2008, Welcome to Mali, ya shiga takarar Grammy a Amurka. A 2009 suka yi wasa a Oslo, a bikin ba Barack Obama kyautar Nobel. A shekarar kuma David Gilmour na ƙungiyar Pink Floyd, ɗaya daga cikin waɗanda Amadu ya taso yana sauraro, ya hau dandali a Landan ya kaɗa jita tare da shi.

Wasa ɗaya ne nake so mu ɗan tsaya a kansa. A 2011, a birnin Mancesta na Ingila, suka shirya wasa suka sa masa suna Eclipse, sunan ƙungiyarsu ta makaranta, wato husufi. Aka shigar da 'yan kallo zaure, aka kashe fitilu duka. Duhu ƙirin, ko tafin hannunka ba ka gani. A cikin duhun aka ba da labarin rayuwarsu, suka yi kiɗa, suka yi waƙa. Masu ido suka zauna suka ji kiɗa yadda Amadu ke jin sa kullum.

Duk wannan ɗaukaka, bai sauya salon hannunsa ba. Ku saurari kowane kundi, ku tace gangunan da na'urorin da aka ɗora, za ku tarar da jitar nan ta kaset ɗin Maikano a ƙasa, tana zagayenta. Kuma Bamako ta ci gaba da zama gida. Ɗansu Sam ma ya bi sawu, ya yi waƙa a ƙungiyar mawaƙan zamani mai suna SMOD.

Ranar 8 ga Satumba 2024, Amadu da Mariam suka yi waƙa a Paris, a bikin rufe gasar wasannin nakasassu ta duniya. Bayan wata bakwai, ciwo ya kama shi a Bamako, rai ya yi halinsa. Aka yi masa sutura a can. Shekara 45 suka yi da aure. Allah ya jiƙansa, ya ba Mariam da 'ya'yansu haƙuri.

An sake buga kaset ɗin Abijan a faifan CD a Faransa wajen 2005, kuma yau ana samun waƙoƙin a intanet. 'Yan Adjamé da 'yan Treichville, ku tambayi dattawanku da suka yi harkar kaset a shekarun 1980, za ku sha labari. Yanzu ga ɗaya daga cikin waƙoƙin wancan zamani, jita ɗaya da murya biyu.  

(Kiɗa)